Maƙwabcina ya gayyace ni lojin Firimason na garinmu, ina neman bayani

Bakatsine a Ingila ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman mai sani ya haska mini wani al'amari da ya tsaya mini a rai kusan wata guda ke nan.

Shekarata 6 ina zaune da iyalina a wani ƙaramin gari da ke arewa da Manchester, inda nake aikin harhaɗa magunguna. Babu Bahaushe a garin in ban da mu, kuma masallacin da nake Juma'a sai na yi tuƙi mai ɗan nisa kafin in kai. Maƙwabcina na jikin katanga wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya daga aikin wutar lantarki. A hunturun bara, da aka kwantar da maiɗakina a asibiti har kwana 9, wannan dattijo shi ya riƙa kai 'ya'yana makaranta yana ɗauko su, matarsa kuma ta binciko inda ake sayar da naman halal don kada ta ba yaran abin da ba ma ci. Ban roƙe su ba, kuma da na kawo maganar biyan kuɗin mai sai ransa ya ɓaci.

Na daɗe ina lura da cewa wasu ranakun Talata da yamma yakan fito cikin baƙar kwat da farar riga, yana riƙe da wata siririyar jaka baƙa. Kwanakin baya muna shan shayi a gidansa na tambaye shi, sai ya ce mini shi ɗan Firimason ne, wato wata ƙungiyar maza da ke taro a asirce, kuma ya haura shekara 30 a lojin garin, wato reshensu na garin. Ya ɗauko jakar ya buɗe a kan teburin kicin. Abin da ke ciki shi ne farar safar hannu, da wani walki na farar fata mai shuɗin baki, da wani ƙaramin littafi da ya sha hannu har bangonsa ya soma rabuwa. Ginin lojin ma na san shi, domin kullum ina wucewa ta gabansa: tsohon gini ne na jan bulo kusa da tashar jirgin ƙasa, tagogin benensa a toshe suke, kuma a saman ƙofar akwai alamar sukwaya da kamfas, wato kayan awon magina.

Ya ce a watan gobe za su buɗe ƙofa ga baƙi, kuma zai ji daɗi in na zo na gani da idona. Ya ƙara da cewa ba zai matsa mini ba, domin a al'adarsu mai so shi ke nema, amma in na nuna sha'awa shi zai tsaya mini.

Abin da na taso ina ji a gida game da irin waɗannan ƙungiyoyi kowa ya san shi: tsafi, da shan jini, da kuɗin da ake samu ta hanyar ba da ɗa ko mata. Na kasa haɗa wannan labari da mutumin da ya riƙe mini yara. A ɗaya ɓangaren kuma ba na son halaccinsa ya rufe mini ido. Saboda haka nake tambaya: me ake yi a cikin loji in an rufe ƙofa? Su wane ne 'ya'yansa, kuma ta yaya ake shiga? Me malamai suka ce? Ba zan ɓoye ba, kaɗaici yana damuna a garin nan, kuma ganin mutanen da suka san juna, suna ziyartar marasa lafiyarsu, ya taɓa mini zuciya.

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa maiɗakinka lafiya. Ni ba ɗan ƙungiyar ba ne, amma na karanta tarihinta, kuma lokacin da nake karatu a Landan na shiga hedikwatarsu da ke titin Great Queen, inda suke da gidan tarihi da kowa zai iya shiga kyauta. Zan gaya maka abin da ya tabbata, hukunci kuwa na bar wa malamai.

Kalmar loji asalinta rumfa ce da magina masu sassaƙa dutse suke kafawa a gefen babban gini, su ajiye kayan aiki, su ci abinci, su koya wa yaransu sana'a. Kamar yadda magina da maƙera a ƙasar Hausa suke da sarkinsu da ladubbansu da abin da ba a gaya wa bare, haka su ma suke. A Sukotland akwai lojin da bayanan taronsa suka faro tun 1599. Sannu a hankali aka riƙa shigar da attajirai da masu ilimi waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ba, har suka rinjayi maginan, kayan aikin suka koma alamomin koyar da ɗabi'a: sukwaya tana nufin yin daidai da mutane, kamfas kuma yana nufin tsayawa a kan iyaka. Walkin da ka gani gadon walkin magini ne. A tarihin da su kansu suke bayarwa, loji huɗu ne suka haɗu a Landan ranar 24 ga Yuni 1717 suka kafa Babban Loji na farko. Daga baya aka rabu gida biyu, aka sake haɗewa a 1813, kuma wannan haɗaɗɗiyar uwar ƙungiya ita ke ba lojin maƙwabcinka lasisi da lamba. Shugabanta tun 1967 shi ne Duke na Kent, ɗan gidan sarautar Ingila.

Ƙaramin loji irin na garinku yawanci mutanensa ba su wuce 'yan gomomi ba, kuma a Ingila sukan yi zama sau 4 zuwa 8 a shekara. Ɗakin taron yana da daɓe mai gida-gida, baƙi da fari. Shugaba yana zama ta gabas, mataimakansa biyu ɗaya ta yamma ɗaya ta kudu, sannan a wajen ƙofa akwai mai gadi riƙe da takobi. Ana buɗe taro da tambaya da amsa da aka haddace, wanda shi ne amfanin ƙaramin littafin nan da ya sha hannu. Bayan haka sai abin da ka sani a kowace ƙungiya: magatakarda ya karanta bayanan zaman baya, ma'aji ya faɗi abin da ke asusu, sannan wani jami'i da aikinsa ke nan ya ba da rahoton wanda ba shi da lafiya, da matan 'yan ƙungiya da mazajensu suka rasu, da wanda ya kamata a je a duba. Ana zagayawa da jakar sadaka. In an tashi sai a sauka a ci abincin dare tare, a ɗaga kofi don girmama Sarki da shugabanni, kuma galibi akwai giya a teburin, ko da yake ba a tilasta wa kowa sha. Shugabancin loji shekara guda ne, ana hawa muƙamai ɗaya bayan ɗaya har a kai kujerar. An hana maganar siyasa da gardamar addini a cikin taro.

Sharuɗɗan shiga su ne mutum ya kasance namiji baligi, mai mutunci, wanda ya yarda akwai Ubangiji Mahalicci, kowane addini yake bi. Mata suna da nasu manyan loji guda biyu daban a Ingila, waɗanda suka faro a 1908 da 1913. Mutum biyu daga ciki za su tsaya wa mai nema, kwamiti ya gana da shi, sannan a jefa ƙuri'ar asiri da 'yan ƙwallaye farare da baƙaƙe. Baƙaƙe uku sun isa su hana shi shiga, wasu loji ma sun rage adadin. Akwai kuɗin shiga, da kuɗin shekara, da kuɗin abincin kowane zama, da sayen kaya, ga kuma sadaka, don haka ba abu ne mai arha ga mai iyali ba.

Inda ya kamata ka tsaya ka duba da kyau shi ne bikin shigarwa. Matakai uku ne: ɗan koyo, abokin sana'a, sai gwani. A mataki na farko ana raba mutum da duk wani ƙarfe da kuɗi da ke jikinsa, a rufe masa ido, a rataya masa igiya a wuya, a naɗe masa ƙafar wando ɗaya, a buɗe ƙirjinsa ta hagu, a zagaya da shi ɗakin, sannan ya durƙusa ya dafa littafi mai tsarki ya yi rantsuwar riƙe asirin alamomi da kalmomin da ake gane juna da su. Baibul a buɗe yake a kowane zama, amma Musulmi ana kawo masa Alƙur'ani ya dafa. A da rantsuwar tana ɗauke da ambaton azaba mai muni ga wanda ya tona asiri, har da yanke maƙogwaro, sai a 1986 aka cire wannan daga lafazin rantsuwar a Ingila. A mataki na uku ana yin wasan kwaikwayo na kisan wani Hiram Abif, wanda suka ce shi ne shugaban maginan ɗakin ibadar Annabi Sulaiman, kuma mai shiga shi ke tsayawa a matsayinsa, a kwantar da shi kamar gawa sannan a tashe shi. Duk wannan an buga shi a littattafai tun ƙarni na 18.

Maganar shan jini da ba da 'ya'ya kuwa, babu ita a cikin wannan tsari, kuma ina ganin an cakuɗa labarin ne da na matsafa da ƙungiyoyin asirin jami'o'inmu. Zargin da yake da tushe shi ne na son kai da rufa wa juna asiri. A Italiya, a 1981, an bankaɗo wani loji mai suna P2 ƙarƙashin Licio Gelli, wanda jerin 'ya'yansa ya ƙunshi ministoci da janar-janar da shugabannin leƙen asiri, har gwamnati ta faɗi. A Ingila da Wales ma, daga 1998 zuwa 2009, an wajabta wa sababbin alƙalai su bayyana ko su 'yan Firimason ne. Dalilin buɗe ƙofar da aka gayyace ka kuwa a fili yake: mutanensu suna tsufa suna raguwa. A Amurka sun haura miliyan 4 a 1959, yau ba su kai miliyan 1 ba, kuma a Ingila ma ƙananan loji da yawa sun rufe ko sun haɗe da wasu.

'Yar Zongon Kumasi ta amsa:

Salamu alaikum. Yayana Bakatsine, ni mace ce kuma ban taɓa taka ƙofar loji ba, amma a nan Ghana ba baƙon abu ba ne, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Loji ya daɗe a ƙasar nan, domin tun 1859 akwai shi a Cape Coast, kuma a 2009 aka kafa Babban Loji na Ghana. Manyan mutane ba sa ɓoye kasancewarsu a ciki. Tsohon shugaban ƙasa John Kufuor sananne ne a cikinsu, haka ma Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ya faɗa da bakinsa a bainar jama'a. Amma a Zongo in aka ce wane ɗan loji ne, to mata sai su janye 'ya'yansu daga ƙofar gidansa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana tuƙa wani likita ɗan Asante wanda yake ɗan loji. Mutumin nan ya biya wa ƙannena biyu kuɗin makarantar sakandare, kuma duk azumi sai ya aiko mana da buhun shinkafa da sukari. Da ya rasu na bi mahaifina wajen jana'izar. Bayan an gama addu'o'in coci sai wasu maza suka fito a jere, cikin baƙar kwat da farar safar hannu da walki, suka kewaye akwatin gawar, suka yi nasu karatun a natse, kowannensu ya jefa ɗan reshen ganye, suka juya suka tafi. Ban ga wani abin tsoro ba, sai dai na ga yadda 'ya'yansa da matarsa suka koma gefe suna kallo kamar baƙi, kuma wannan ya tsaya mini a rai har yau. Daga baya na ji cewa sun ci gaba da kula da matar har ita ma ta rasu, kuma wannan abin a yaba ne.

Abin da nake so ka sa a lissafi shi ne maiɗakinka. Matar likitan nan ta taɓa gaya wa mahaifiyata cewa ta yi zaman aure na shekaru masu yawa da mutumin da yake da wani ɗaki a rayuwarsa wanda ba ta da izinin leƙawa, kuma ko da babu mugun abu a ɗakin, rufe shi kaɗai yana ci mata rai. Sannan ka tuna cewa ba a Ingila za ka dawwama a idon mutane ba. Ranar da hotonka da walki ya isa Katsina ta WhatsApp, babu wanda zai tsaya jin bayanin Malamin Tarihi, kuma 'ya'yanka mata ne za su ji a jikinsu ranar da aka zo binciken asali kafin aure.

Mahaifina ya riƙe amanar likitan har kabari, yana yi masa fatan alheri, amma ko sau ɗaya bai taɓa sha'awar bin sa ciki ba. A mota yake jira har a tashi.

Almajirin Malamai ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Allah ya saka wa waɗanda suka riga ni da alheri. Ni ɗalibi ne, ba mai ba da fatawa ba, don haka zan kawo abin da malamai suka faɗa, sannan ka nemi malamin da ka amince da shi ka zauna da shi.

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta tattauna batun Masuniyya, wato sunan da Larabawa suke kiran ƙungiyar da shi, a zamanta na Makka a shekarar 1398 bayan Hijira, daidai da 1978. Ta haramta shigarta da lafazi mai tsanani, har ta ce wanda ya shiga alhali ya san haƙiƙaninta da manufofinta ya fita daga Musulunci. Masar ta rufe loji a 1964, Pakistan kuma a 1972. Kuma ba Musulmi kaɗai ba ne: Cocin Katolika ya hana mabiyansa tun 1738 a zamanin Fafaroma Clement na 12, ya sake jaddada hanin a 1983 da kuma 2023.

Ko da mun ajiye maganar manufofin ɓoye a gefe, bayanin da Malamin Tarihi ya kawo ya isa mai hankali ya yi nazari. Na farko dai rantsuwar nan cinikin biri a sama ne. Ana tabbatar wa mutum cewa babu abin da zai saɓa wa addininsa, amma ba ya sanin abin da zai rantse a kai sai yana durƙushe ido a rufe, kuma Musulmi ba ya ɗaura wa wuyansa alkawari da sunan Allah kafin ya san abin da ke ciki. Dafa Alƙur'ani ba ya sauƙaƙa lamarin, ƙara masa nauyi yake yi. Sannan akwai addu'o'in da ake yi a buɗe taro da rufe shi, inda ake kiran Ubangiji da laƙabin Babban Mai Tsara Ginin Halitta, laƙabin da aka zaɓa da gangan don Kirista da Bahindu da Musulmi kowa ya sa abin bautarsa a ciki, su ce amin tare. Mu kuwa sunayen Allah ba ma ƙirƙiro su, kuma ibada ba ma haɗa ta da ta wani. Ƙissar Hiram ma da aka jingina wa zamanin Annabi Sulaiman, alaihis salam, ba ta da asali a Alƙur'ani ko Hadisi. Ga kuma teburin da ake zagayawa da giya, wanda hadisi ya hana mai imani zama a kansa.

Amma ina roƙonka kada wannan ya sa ka canza wa dattijon nan fuska. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai ba shi gado, kuma malamai sun bayyana cewa haƙƙin maƙwabtaka ya haɗa da wanda ba Musulmi ba. Haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba a kan alheri ma yana da asali. Annabi ya halarci ƙawancen Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an kafin aiko shi, inda Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, kuma bayan Musulunci ya yabi wannan ƙawance. Abin lura shi ne sharuɗɗansa a fili suke, kuma amfaninsa na duk wanda aka zalunta ne, ko ɗan gari ko baƙo. Idan lojin garinku yana tara gudummawa don asibiti ko rumbun abincin mabuƙata, ba sai ka ɗaura walki kafin ka sa hannunka a aikin asibitin ko rumbun ba.

Lauya daga Kaduna ya amsa:

Malam Bakatsine, zan ƙara abu ɗaya ta fuskar doka, in har kana da niyyar komawa gida wata rana. A Ingila shiga loji halal ne a doka. A Najeriya kuwa lamarin yana da sarƙaƙiya. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta hana ma'aikatan gwamnati zama 'yan ƙungiyar asiri. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 38, bayan ya ba kowa 'yancin addini, sai ya ce wannan 'yanci bai ba kowa damar kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba. Sassa na 66 da 107 da 137 da 182 kuma sun hana ɗan ƙungiyar asiri tsayawa takarar majalisar tarayya, da ta jiha, da shugabancin ƙasa, da gwamna.

Sashe na 318 shi ya fassara ƙungiyar asiri, kuma ya ambaci amfani da alamomi da rantsuwa da bukukuwa na ɓoye, tare da manufar taimakon juna ba tare da la'akari da cancanta ko adalci ba, ta yadda zai cutar da waɗanda ba 'yan ciki ba. 'Yan Firimason na Najeriya, waɗanda suke da loji a Legas tun ƙarni na 19, suna cewa wannan fassara ba ta hau kansu ba, domin gine-ginensu sanannu ne kuma dokokinsu a buge suke. Haka ma ƙungiyar Ogboni da aka sabunta, wadda wani limamin cocin Angilika, T. A. J. Ogunbiyi, ya kafa a 1914, take faɗa game da kanta. Ko hujjarsu ta karɓu ko ba ta karɓu ba, wanda ya nemi muƙami a gida zai tarar da tambayar tana jiransa a takardar rantsuwa, kuma abokin hamayya ba zai bar ta ta wuce ba.

Malamin Tarihi ya sake amsawa:

Allah ya gafarta Malam Almajirin Malamai, na gamsu da bayaninka a kan rantsuwa da addu'a, kuma a ganina nan ne ƙarfin hujjar yake. Abin da nake so mu kiyaye shi ne labarin da ake yaɗawa cewa wasu 'yan tsiraru a ɓoye suke juya duniya ta hanyar loji. Babban tushen wannan labari wata takardar jabu ce da aka fara bugawa a Rasha a 1903, wadda jaridar The Times ta Landan ta fallasa a 1921, kuma 'yan Nazi sun yi amfani da ita wajen halaka Yahudawa da kuma ɗaure 'yan Firimason. Tarihi kuma ya nuna cewa wasu fitattun Musulmi na ƙarni na 19 sun shiga loji, irin su Amir Abdulƙadir na Aljeriya da Jamaluddin Afgani, kowannensu da dalilinsa na zamaninsa. Ban kawo su don halatta komai ba. Na kawo su ne domin idan ɗan'uwanmu ya je wa maƙwabcinsa da zancen mulkin duniya, dattijon da ya san cewa lojinsu da ƙyar yake biyan kuɗin gyaran rufi zai ɗauka duk sauran dalilan ma irin wannan ne, alhali dalilin aƙida gaskiya ne kuma zai iya fahimtarsa.

Bakatsine a Ingila ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta amsoshinku fiye da sau ɗaya, na kuma karanta wa maiɗakina ta 'yar'uwarmu ta Kumasi. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce tun ranar da na kawo maganar ba ta yi barci mai daɗi ba, amma ta ji nauyin hana ni saboda ta san yadda zaman garin nan yake yi mini. Ranar Juma'a kuma na tsaya bayan salla na yi wa limaminmu bayani, amsarsa ba ta yi nisa da ta Almajirin Malamai ba.

Jiya da yamma na shiga wajen dattijon. Na gaya masa cewa ba zan nemi shiga ba, na kuma faɗa masa dalili ba tare da kwana-kwana ba: addinina bai ba ni damar yin rantsuwa a kan abin da ban sani ba, kuma ba na haɗa addu'a da kowa a kan wani suna da ba wanda Allah ya kira kansa da shi ba. Na ga alamar bai ji daɗi ba, domin ya ɗan jima yana juya kofin shayinsa. Ya ce shi a wajensa loji ba addini ba ne, kuma ya san Musulmi a wasu loji na Manchester. Na ce na yarda haka yake gani, amma ni ga inda na tsaya. Sai ya ce ƙanin matarsa ɗan Katolika ne, kuma amsar da ya ba shi ke nan shekaru da yawa da suka wuce, har yau kuma tare suke zuwa kallon ƙwallo.

Da na tambaye shi wane ne yake zuwa duba 'yan lojin da suka tsufa, sai ya ce shi ne mai wannan aiki shekara 8 ke nan, kuma yanzu tuƙi yana yi masa wuya saboda idonsa. Akwai wani tsoho a cikinsu da yake gidan kula da tsofaffi a wani gari mai nisan kusan mil 12, wanda ba shi da kowa. Na ce ranar Lahadi ba na aiki, zan kai shi in jira shi, kuma in tsohon yana son baƙo zan shiga mu gaisa. Mun yi da shi ƙarfe 2 na rana.

Saura tambaya ɗaya ga Almajirin Malamai. Ranar buɗe ƙofar tana nan tafe, kuma ya ce babu taro ko addu'a a ranar, zagayawa kawai za a yi da baƙi a nuna musu ɗakin da kayan tarihi, kamar yadda Malamin Tarihi ya shiga na Landan. Maiɗakina tana ganin in bar shi gaba ɗaya tunda na riga na ba da amsa, ni kuma ina jin nauyin ƙin amsa gayyatar mutumin da bai taɓa ƙin amsa tawa ba. Shin akwai laifi in na je na duba na fito?